Ƙara wa kwamfutar ofis rumbun ajiya: Aikin rabin sa'a da kan cinye takardun shekaru

Abin yakan fara ne a hankali. Ma'aikaci zai kunna kwamfutarsa da safe, ya tarar layin da ke nuna cikar rumbun C, wanda ya saba gani shuɗi, ya rikiɗe ya koma ja. Windows kan yi hakan idan filin da ya rage a rumbun ya gaza kashi 10 cikin 100. Bayan 'yan kwanaki kwamfutar ta fara jan ƙafa wajen tashi, saƙonnin imel su ƙi sauka, takardar da maigida ke jira kafin zaman ƙarfe goma ta ƙi ajiyuwa. Daga nan sai a shiga goge-goge cikin gaggawa, a share hotunan taron bara, a share tsofaffin rahotanni, a zubar da kwandon shara. A irin wannan gaggawar ce takardar da ba ta da kwafi a ko'ina take salwanta, kuma ba a farga sai ranar da masu binciken kuɗi suka nemi a kawo ta.

Matsalar ta ƙaru tun da aka matsa lamba kan mayar da aikin gwamnati cikin kwamfuta. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sa ranar 31 ga Disamban 2025 a matsayin wa'adin raba ma'aikatu da fayil na takarda, abin da ya sa ofisoshin rajista suka duƙufa wajen ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli da na'urar sikana. Hoton takarda kuwa yana da cin wuri. Shafi ɗaya na A4 da aka ɗauka da launi a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, kafin a matse shi, yana kai kusan megabayit 26. Ko bayan an matse, fayil ɗin ma'aikaci guda mai shafi ɗari biyu ba ƙaramin kaya ba ne, balle na ma'aikata dubu. Kwamfutar da aka saya da rumbu mai gigabayit 256, wadda Windows da manhajojin ofis suka riga suka ci wani kaso mai tsoka daga cikinsa, ba za ta daɗe tana ɗaukar wannan lodi ba.

Maganin da ya fi sauƙin kuɗi shi ne a ƙara mata rumbu na biyu. Wanda hannunsa ya saba zai gama ɗaurawa kafin shayi ya huce. Sai dai wuraren da ake yin asara ba su cika zama wajen ɗaurin ba. Sun fi zama kafin a kwance murfin, da lokacin da Windows ta nemi a yi wa sabon rumbun fomat, da kuma bayan an gama, sa'ad da mutum ya saki jiki yana zaton takardunsa sun sami mafaka.

Kwamfutar ta wa ce?

Kwamfutar da ke kan teburin ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya ko a wata hukuma dukiyar gwamnati ce, tana da lamba a rajistar kadarori, wani lokaci kuma tana ƙarƙashin garantin kamfanin da ya kawo ta. Kwance ta ba tare da sanin sashen kula da kwamfutoci ba na iya jawo wa mutum takardar neman ba'asi, ko da niyyarsa mai kyau ce. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta buƙatar, sashen ya amince, a shigar da sabon rumbun cikin rajista da lambarsa. Na san wannan hanya tana da jinkiri, na kuma san dalilin da ke sa mutum ya gaji da jira ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya nufi kasuwar Banex a Wuse 2. Amma ya kamata ya tsaya ya yi tunanin ranar da za a yi masa canjin wurin aiki.

A ranar rumbun nasa ne, shi ya saya, amma abin da ke ciki ba nasa ba ne. Idan ya cire ya tafi da shi, ya fita da bayanan gwamnati daga ofis, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan ba a soke ta ba. Idan ya goge kafin ya tafi, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ga jami'in da ya lalata da gangan bayanan da ke hannunsa. Idan kuwa abin da ke ciki ya ƙunshi sunayen mutane da lambobin asusunsu na banki da tarihin lafiyarsu, to ya shiga hurumin Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta wajabta sanar da hukumar da ke kula da lamarin cikin sa'o'i 72 idan irin waɗannan bayanai suka fallasa ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Wannan ya fi shafar hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da na maigidansu ya ƙare, galibi ba tare da an ba su lokacin tattara komai ba.

Akwai wata tambayar da ya kamata a yi wa sashen tun da wuri: shin kwamfutar ta cancanci a kashe mata kuɗi? Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Wadda za a yi gwanjonta nan da 'yan watanni ba ta buƙatar sabon rumbu.

Mai juyawa ko mara motsi

Rumbunan da ke kasuwa iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon yayi, mai faya-fayai a ciki waɗanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansu yana rubutu yana karatu ta hanyar maganaɗisu. Kakansa shi ne wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa kusan tan guda, kuma duk abin da yake iya riƙewa bai wuce haruffa miliyan biyar ba. Wato shafin nan ɗaya da muka ɗauka da sikana ya fi ƙarfinsa. A yau kamfanoni uku ne kawai suka rage suna ƙera irinsa: Seagate da Western Digital da Toshiba. Falalarsa ita ce araha idan ana neman fili mai yawa. Aibinsa kuwa jinkiri, da rashin jure bugu, domin tazarar da ke tsakanin ɗan hannun da faifan ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kwamfutar da aka ajiye a ƙasa ƙarƙashin tebur, inda ƙafar mai ita da tsintsiyar mai shara ke dukanta tana kunne, tana rage wa irin wannan rumbu kwana.

Na biyu shi ne wanda ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai juyawa kan kwashe megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD da aka haɗa ta mashigar SATA kan kai kusan 550, shi kuwa samfurin NVMe, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin babban allon kwamfuta, yakan wuce 3,000. A ganina, ga wanda buƙatarsa ita ce jibge fayilolin da aka ɗauka da sikana, waɗanda ba kullum ake buɗe su ba, mai juyawa na terabayit ɗaya ko biyu ya wadatar. Amma idan kwamfutar har yanzu da mai juyawa take tashi, kuɗin zai fi amfani idan aka sayi SSD aka mayar da Windows kansa, tsohon ya zama wurin ajiya. Wannan aiki ne daban, kuma na masu sashen ne.

Kafin a sayi komai, a leƙa cikin kwamfutar ko a duba littafinta. Yawancin waɗanda ake rabawa a ofisoshi, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, suna zuwa ne a ƙaramin akwati, wasu ba su da gurbin rumbu mai inci 3.5 na biyu, sai dai mai inci 2.5. A wasunsu ma wayar wutar rumbu daga babban allo take fitowa, da wani irin kai na kamfanin, wanda ba a samun sa a kowane shago. Gurbin M.2, inda ake soka ɗan siririn SSD mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, shi ma yana da nasa sharaɗin: wani NVMe kawai yake karɓa, wani SATA kawai, wani kuma duka biyun. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi wuya, domin siraran na yanzu da yawa gurbi ɗaya ne da su.

Sai batun tokumbo. Rumbu ba ya nuna tsufansa a fuska, amma yana riƙe da tarihin kansa a wani tsari da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna sa'o'in da ya yi yana aiki da adadin wuraren da suka lalace a jikinsa. Shekara ɗaya sa'o'i 8,760 ce, saboda haka rumbun da ya nuna 35,000 ya yi shekara huɗu cur yana juyawa dare da rana. Mai sayarwa na ƙwarai ba zai ƙi a gwada a gabansa ba.

Ɗaurawa

Matakin farko ba na sukundireba ba ne. A kwafe duk muhimman fayiloli zuwa wani wuri dabam, a buɗe kaɗan daga cikinsu a tabbatar sun kwafu. Sannan a kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare wayarta daga soket, a danna makunnin a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi domin ragowar wutar da ke ciki ta fice.

Wanda ya yi hunturu a Abuja ya san tartsatsin da ke cizon yatsa idan ya taɓa ƙofar mota ko marikin ƙofar ofis. Busasshiyar iska ce ke tara lantarki a jiki, kafet da tufafin roba kuma suna ƙara shi. Tartsatsin da bai kai ma mutum ya ji shi ba ya isa ya lalata ƙananan sassan allo. Don haka a taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a taɓa komai a ciki, a riƙa maimaitawa, a kuma riƙe rumbun ta gefensa ba ta wajen haƙoran zinarensa ba. Tun da an riga an buɗe, a hure ƙurar da ta toshe fanka, zafi ma yana kashe rumbu.

Rumbun SATA wayoyi biyu yake buƙata. Siririyar mai haƙora 7 ita ce ta bayanai, tana tafiya daga rumbun zuwa ɗaya daga cikin mashigan da aka rubuta wa SATA a babban allo. Mai faɗin, mai haƙora 15, ita ce ta wuta. Dukansu bakinsu yana da siffar harafin L, ba sa shiga a juye, saboda haka idan waya ta ƙi shiga a juya ta, kada a tilasta mata, robar wurin tana karyewa. Kada a taɓa wayar da ke jikin rumbun farko. A zaunar da sabon a gurbinsa a ɗaure shi da sukurori huɗu ko a cikin robar da kamfanin ya tanada, domin mai juyawa da aka bari yana lilo zai yi ta girgiza har ya gaji. Tsofaffin ma'aikata za su tuna zamanin faffaɗar waya mai haƙora 40, lokacin da sai an matsar da wata 'yar roba a bayan rumbu don a nuna wane ne babba wane ne mabiyi. SATA ya kawar da wannan wahala. Na M.2 kuwa ba ya son waya ko ɗaya: a soka shi a karkace, a kwantar da shi a hankali, a ɗaure ƙarshensa da ɗan ƙaramin sukuru.

Idan an rufe an kunna, yana da kyau a shiga shafin BIOS a ga ko kwamfutar ta gane baƙon. A Dell maɓallin F2 ne, a HP F10, a yawancin Lenovo na ofis F1. A nan kuma a tabbatar tsohon rumbun ne ke kan gaba a jerin waɗanda ake tashi da su. Idan sabon bai bayyana ba, galibi waya ce ba ta zauna ba, ko kuma an kashe wannan mashigar a cikin BIOS ɗin.

Inda ake yin ɓarna

Mutum zai buɗe Windows ya duba, bai ga sabon rumbu ba, hankalinsa ya tashi. Babu abin da ya lalace. Sabon rumbu tamkar fili ne da ba a yanka ba, sai an shata shi an ba shi suna. Ana yin wannan a wani shafi mai suna Disk Management, wanda ake samu idan aka danna maɓallin Windows tare da X. Kafin a buɗe shi, a zare duk wani filashi da rumbun waje da ke jikin kwamfutar.

Dalilin wannan gargaɗi na gan shi da idona a wani ofishi da ba sai na ambata ba. An ɗaura sabon rumbu mai terabayit ɗaya, alhali akwai rumbun waje mai girma ɗaya a jone ta baya, wanda aka kwafe fayilolin sashen a cikinsa da safiyar ranar, daidai yadda aka ce a yi. A shafin, Disk 1 da Disk 2 suka fito da adadi iri ɗaya. Mai aikin ya zaɓi wanda ya ga dama, ya share, ya yi fomat. Abin da ya cece su shi ne na asalin yana nan a rumbun C. Da a ce yanke fayilolin aka yi maimakon kwafa, da labarin ya sha bamban. Windows ba za ta bari a goge rumbun da take tashi da shi daga wannan shafi ba, amma duk wani rumbu dabam, gargaɗi ɗaya take yi ta aiwatar.

Sabon rumbu yana da alamomi. Layin da ke kansa baƙi ne, an rubuta Unallocated, yayin da wanda ke ɗauke da kaya layinsa shuɗi ne. Windows za ta tambaya ko a tsara shi da MBR ko GPT. Tsarin MBR ya tsufa, ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2, kuma manyan yankuna huɗu kawai yake yarda a yanka. GPT ba shi da wannan iyaka, shi za a zaɓa sai fa idan kwamfutar tsohuwa ce ƙwarai. Daga nan a danna dama a kan baƙin layin, a zaɓi New Simple Volume, a bar girman yadda yake, a ba shi harafi. Sau da yawa E yake samu domin na'urar faifan DVD ta riga ta kama D. Haruffan A da B kuwa an keɓe su tun zamanin 'yan faya-fayan roba na fulofi, shi ya sa har gobe rumbun farko yake amsa sunan C.

Tsarin fayil ɗin da ya dace da rumbun ciki shi ne NTFS. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4, bidiyon taron bita guda ɗaya na iya fin ƙarfinsa. Ga sabo dal, fomat na gaggawa ya isa. Ga tokumbo, a cire alamar gaggawar a bari a yi cikakke, wanda ke bin rumbun kaf yana rubuta sifili yana gano wuraren da suka lalace. Yakan ɗauki sa'o'i, don haka a fara shi da safe, kuma a kan na'urar UPS, kada canji daga wutar gari zuwa janareta ya katse shi. A rubuta masa suna mai ma'ana, kamar sunan sashen, domin wanda zai gaji teburin.

Kada kuma a koma wa mai shago da faɗa idan rumbun terabayit ɗaya ya nuna gigabayit 931. Masu ƙerawa suna lissafi da dubu-dubu, Windows tana yi da 1,024, bambancin ke nan.

Rumbu biyu a ɗaki ɗaya

Sabon rumbu ba zai cika kansa ba. Idan ba a sauya komai ba, kwamfutar za ta ci gaba da zuba komai a C. A danna dama a kan foldar Documents, a shiga Properties, a zaɓi Location, a nuna mata sabuwar folda da aka buɗe a sabon rumbun, ba tushen rumbun kansa ba. Haka za a yi wa Downloads da wurin da sikana ke zuba hotuna. Manhajojin da aka riga aka girka kuwa a bar su inda suke, jan foldarsu zuwa wani rumbu yakan hana su aiki.

A nan ne kuskuren da ya fi tsada yake. Mutane da yawa suna kwafar fayil daga C zuwa sabon rumbu su ce sun yi ajiyar ko-ta-kwana. Wannan yana kare mutum daga abu ɗaya tak, wato mutuwar ɗayan rumbun. Manomin da ya gina rumbuna biyu jingine da juna ya san gobara ɗaya ce za ta ci su. Rumbunan nan tushen wuta ɗaya suke sha, wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona ɗaya tana iya haɗawa da ɗayan. Ɓarawon da ya ɗauki kwamfutar ya ɗauki duka. Ruwan da ya zubo daga rufi ba ya zaɓe. Manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, tana bin kowane harafin rumbu da ta gani ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Ga ma'aikacin tarayya, wannan na wajen shi ne sabar ma'aikatarsa ko ma'ajiyar da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ke gudanarwa, ba asusunsa na Gmail ba, ba kuma filashin da ke maƙale da makullin motarsa ba.

Idan bayanan masu nauyi ne, sashen na iya kulle rumbun da BitLocker, wanda ke zuwa da Windows samfurin Pro, ta yadda wanda ya cire shi ya kai wata kwamfutar ba zai karanta komai ba. Kullewar tana zuwa da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Wajibi ne sashen ya riƙe kwafinsa, domin idan ya ɓata kuma kalmar sirri ta kwanta wa mai ita, kamfanin Microsoft kansa ba zai iya buɗewa ba.

Ranar da rumbun ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ko aka zo maye gurbinsa, kada a jefa shi a aljihun tebur ko a ba yaron ofis. Goge fayil da fomat na gaggawa ba sa share abin da ke ciki, suna cire sunan ne kawai daga jerin, kuma manhajojin da ke dawo da shi suna nan kyauta a intanet. A mayar da shi ga sashen kula da kwamfutoci a rubuce, a sa lambar da ke jikinsa a takardar miƙa aiki, a karɓi sa hannun wanda ya amsa.